Ludayi Ɗaya na Ruwan Tsirgau

Da sunan Wanda ya rataye girgije ba da igiya ba, ya ɓoye kogi a ƙarƙashin yashi, ya sa wani ruwa ya yi daɗi wani ya yi zartsi. Ku gyara zama, ku ajiye moɗa, ku ji labarin Nomau ɗan Tabawa, mutumin Tsirgau, wanda ya shekara bakwai da ruwa a kafaɗarsa yana begensa, bai kurɓa ba. Ni ne shi. Abin da na gani zan faɗa, abin da na ɓata ma ba zan ɓoye ba.

Tsirgau gari ne can bayan duwatsu, a ƙasar da rana biyu ke fitowa, babba da ƙanwarta, inda kowane mutum yake tafe da inuwa biyu. Rijiya ɗaya gare mu, kakana ne ya haƙa ta. Ruwanta yana da wani ɗanɗano da ban taɓa iya kwatanta wa baƙo ba, kamar ƙamshin ƙasa in an yi yayyafin farko, da ɗan zaƙi can a ƙarshen harshe.

A dazuzzukan ƙasarmu akwai wasu halittu da muke kira 'yan aron fuska. Sukan bi matafiyi su kwashe kamanninsa da muryarsa, har da tabon gwiwarsa, su riga shi zuwa gida. Abu ɗaya ne ya gagare su: duk ruwan da ya kwana a hannunsu sai ya zama lami, ba daɗi ba ɗaci. Saboda haka kakanninmu suka kafa al'ada. Duk mai tafiya za a cika masa gora da ruwan rijiyarmu a liƙe bakinsa. Ranar da ya dawo, sai ya tsaya a ƙofar gari, babbar macen gidansu ta zo ta ɗanɗana ludayi ɗaya. In ta haɗiye, ɗan gida ne. In ta tofar, a kore shi, a yi sadakar mutuwarsa, ba mai ƙara ambaton sunansa.

Shekarar da na sauke karatun mahaƙa rijiya, ruwanmu ya fara zartsi. Kaɗan-kaɗan ya fara, sai mai lura ke ji. Tsofaffi suka ce gishirin ƙarƙashin ƙasa ne ya farka, kuma in ya farka ba ya komawa barci. Ni kuwa a lokacin kaina cike yake da dabaru, kullum da wadda zan tashi da ita. Na tsaya a dandali na ce zan tafi in nemo yadda ake raba gishiri da ruwa.

Baba Cindo, mai tsaron ƙofar gari, ya dube ni sama da ƙasa. Ya ce, "Kai ɗin? Kai da ko tsakuwa ba ka iya tsince ta daga shinkafa ba?"

Na ce, "Baba, kowane abu da rariyarsa. Ta gishiri ce ba a gano ba tukuna."

"To, Allah ya kai ka. In ka samo, ka haɗo mini da wadda ke tace tsufa daga gwiwa."

Inna ce da kanta ta ja guga ta cika mini goran, ta liƙe shi da kakin zuma. Ta soka mini allura a bakin hula, ta ce ba ta son in riƙa yawo da yagaggiyar riga kamar marar uwa. Sannan ta riƙe goran ba ta sake shi ba.

Ta ce, "Har yanzu da sauran daɗinsa. Ban sani ba ko zai kai baɗi. Kada ka sha, Nomau. Ko ƙishirwa za ta kayar da kai, ka roƙi na wasu. Ludayi ɗaya nake so ka kawo mini."

Na yi mata alkawari ina dariya, don a ganina tafiyar ba za ta wuce wata uku ba.

Na bi gabas har na ƙarar da takalma biyu, na faɗa Tunkuɗa, ƙasar magina tukwane, inda ranakun nan biyu ke haɗuwa a tsakar ka. Zafin wurin ya narkar da kakin da ke bakin gorana. Na taɓa cikinsa na ji ruwan ya yi ɗumi kamar na wanka, sai tsoro ya kama ni kada ya lalace. Na sauka gidan wata tsohuwa maginiya, Gwaggo Hakama. Ta ɗebo mini ruwa daga randa, na kurɓa, haƙorana suka amsa don sanyi.

Na ce, "Gwaggo, a wannan wutar, ina kika samo sanyi?"

Ta ce, "Taɓa jikin randar." Na taɓa, na ji danshi. "Gumi take yi. Yumɓu yana da ƙofofi da ido ba ya gani. Ruwa ya leƙo ta nan, iska ta ɗauke shi, shi kuma ba ya tashi sai ya tafi da zafin na ciki. Kai in ka yi gumi iska ta buso, me kake ji?"

Nan take dabara biyu suka zo mini, ban tsaya auna ko ɗaya ba. Ta farko, na ce ai ga rariyar da nake nema, yumɓu mai ƙofofin da ido ba ya gani. Ta biyu, na roƙe ta ɗan ƙaramin tulu, na juye ruwan gidanmu a ciki don ya huta da zafi.

Ta ce, "Ɗan nan, sanyin nan ba haka kawai yake zuwa ba fa."

Na ce, "Na gane, Gwaggo." Alhali ban ji ma abin da ta faɗa ba.

Kwana arba'in na yi ina taka mata yumɓu, ina gwada rariyata. Na dama gishiri a ruwa na zuba a sabuwar tukunya, na tara kasko a ƙasa. Abin da ya ɗigo na lasa: gishiri. Na sake da yumɓu mai laushi, na sake da mai kauri, na sake da gawayi a ciki. Laka tana tsayawa, ƙura tana tsayawa, gishiri kuwa sai ya bi ruwa ya wuce kamar jininsu ɗaya. Na haƙura na ɗaure kaya. Da na juye ruwan gidanmu daga tulu zuwa gora, sai na ga wanda na kawo har wuya yanzu ko kafaɗar goran bai kai ba. Kashi ɗaya cikin uku ya bi iska. Sanyin da nake ta murna da shi, da ruwan Inna na saye shi.

Na ɗaga tulun zan rotsa shi da ƙasa, Gwaggo Hakama ta riƙe mini hannu. Ta nuna mini jikinsa, inda wani farin gari ya fito kamar an barbaɗa toka.

Ta ce, "Ruwanka ya tafi, amma dubi, bai tafi da kayansa ba. Mai hawa sama ba ya ɗaukar kaya."

Na ɗauka rarrashi ne irin na tsofaffi. Ta naɗe tulun a tsumma ta cusa mini a jaka, ta ce in riƙe shi don in riƙa tuna ranar da na ce na gane. Ta liƙe bakin goran da ƙaro da fata, na kama hanya.

Tun daga nan na daina kallon goran a matsayin kaya. In na zauna hutawa nakan kara shi a kunne in girgiza. Ƙarar da yake yi ita ce ƙarar guga in ya taɓa ruwa a rijiyarmu, sai in ga Inna ta sunkuya, gefen zanenta ya jiƙe.

A shekara ta biyu na isa Kogin Wanki, inda mutanen ƙasar duk wankau ne, tun daga mafarin kogin har ƙarshensa kumfar sabulu ce ke yawo. A mashigin akwai wani ƙato mai suna Mantau, wanda in ya tsaya a tsakiyar kogin ruwa iyakarsa gwiwa. Dokarsu ita ce baƙon ruwa ba ya ƙetare musu kogi, sai a juye shi a ciki ya zama nasu.

Ya ce, "Kwance goran, ɗan saurayi."

Na ce, "Ranka ya daɗe, in na juye shi ba ni da gida."

"Kowa da ya zo nan haka yake cewa. Ruwa ai ruwa ne. Ko naka ƙarfe yake ɗauka a ka?"

Masu wanki suka yi dariya. Ni kuwa sai na tuna kaskon shayar da awakinmu, da ƙwarin nan masu dogayen ƙafafu da ke yawo a kan ruwa ba sa nutsewa, ruwan yana ɗan loɓawa a ƙarƙashin ƙafarsu kamar fatar ganga.

Na ce, "In ya ɗauka fa?"

"In ya ɗauka, naka ya fi namu, ka wuce da abinka, ni zan goya ka ma."

Na tsiyaya kaɗan a ƙwaryata. Na zare allurar Inna, na goga ta a gefen hancina ta ɗan sami maiƙo, na ɗora ta a kan wani siririn busasshen ganye, na sa a kan ruwan. Ganyen ya jiƙe, na danna shi da tsinke a hankali ya nutse. Allura ta tsaya a sama, kwance, tana ƙyalli.

Mantau ya durƙusa har numfashinsa ya kusa kifar da ƙwaryar. Ya sa aka ɗebo na koginsu, ya karɓi allurar, ya yi duk yadda na yi. Ta nutse. Ya sake, ta nutse. Sau bakwai yana yi. Ni na san ruwanmu bai fi nasu komai ba. Kowane ruwa yana da wannan fatar, don ɗigo-ɗigonsa riƙe suke da juna ba sa son rabuwa. Sabulun da suke zubawa dare da rana ne ya tsinka ta nasu. Amma ban ga dalilin da zai sa in yi wa ƙato karatu ba. Ya goya ni ya ƙetarar, yana ta tambayata ko ruwan namu zai ɗauki gatari. Na mayar da ruwana cikin gora, sai abin da ya maƙale a jikin ƙwarya, wanda na tsaya ina kallo har ya bushe.

Daga nan hanya ta miƙe sama. Na hau, na hau, har girgije ya koma ƙarƙashin ƙafata, na isa Dutsen Ɗanyen Wake. An sa masa wannan suna ne don mutanen wurin tun kakanninsu ba su taɓa cin wake ya dahu ba. Ruwa yana tafasa musu da wuri, yana ta ɓararraka, amma a wuni ana hura wuta wake yana nan garas-garas. Sun ce wata tsohuwa ce ta yi musu baki. Gida ɗaya ne kawai ake cin wake mai laushi, gidan Malam Jatau, wani siririn dattijo da ya hau dutsen don ya zauna kusa da walƙiya.

Na gaishe shi na faɗi abin da ya kawo ni. Ya ce, "Rariyar gishiri. To. Ka iya dafa wake?"

Ya nuna mini yadda yake yi. Yakan rufe tukunya, ya shafe gefen murfin da ƙullu, ya bar 'yar ƙofa kamar ta allura, ya ɗora dutse a kai. Ya ce, "Iska kaya ce a kan ruwa. A ƙasa kayan da nauyi, sai ruwa ya yi zafi sosai kafin ya iya ture shi ya tashi. A nan sama kayan ba nauyi, da ɗan zafi kaɗan sai ya tsere, bai tsaya ya yi aikin ba. Ni kuma sai in mayar masa da kayansa."

Na ce, "Malam, me ya sa ba ka gaya wa maƙwabta ba?"

"Na gaya musu. Sun ce sun fi yarda da tsohuwar."

Shekara uku na yi ina dafa masa wake. Kullum in na tambaye shi rariya sai ya ce wake ya dahu? Raina ya ɓaci, na fara tunanin tsohon nan bayi yake nema ba almajirai ba. A ƙasa kuwa na san rijiyarmu tana ƙara zartsi, kuma Inna tana ƙara tsufa. Rannan da hantsi, na ɗaga murfin, ɗigon da ya taru a cikinsa ya zubo mini a bayan hannu ya ƙona ni. Na kai baki na lasa. Na tsaya. Waken nan da hannuna na zuba masa gishiri da kanwa, amma ɗigon nan babu ko alamarsu. Na sake lasar wani. Babu.

Na ruga wurin Malam da murfin a hannu, na miƙa masa.

Ya ce, "Shekara uku kana ɗaga murfin nan, sai yau ka lasa."

"Malam, da ka faɗa mini tun ranar farko."

"Da na faɗa, da ka ce ka gane."

Ashe rariyar ba yumɓu ba ce, ba gawayi ba ce, wuta ce. Ruwa ya zama tururi ya tashi, gishiri ba shi da fiffike, sai ya zauna a gindin tukunya. Muka huda murfi muka sa dogon kara mai rami, muka naɗe karan da jiƙaƙƙen tsumma don tururin ya ji sanyi ya koma ruwa, muka tara wata tukunyar a ƙarshensa. Na zauna ina kallon ɗigo yana sauka ɗaya bayan ɗaya, ina lissafin tukwane nawa za su shayar da Tsirgau.

Kafin in tafi na tambaye shi ko ruwan da ya zama tururi ya dawo shi ne dai na da. Sai ya kai ni ɗakin da yake tara walƙiya a tulunan tagulla. Ya tsoma wayoyi biyu a kwano, ya kifa ƙaramar kwalba a kan kowace. Kumfa ta fara tashi, ruwa yana raguwa, kwalaben suna cika da iska, ɗaya ta ninka ɗaya. Ya kai tsinke mai wuta bakin mai yawan, ta yi fat ta kama. Ya sa garwashin da ya kusa mutuwa a cikin ɗayar, ya farfaɗo ya yi haske.

Ya ce, "Ka ga iyayen ruwa. Biyu na wannan, ɗaya na wancan. Ɗaya tana ci da wuta, ɗaya tana ciyar da wuta, in suka haɗu su haifi mai kashe ta. Na rijiyarku, na girgije, na hawayenka, duk wannan ne."

Na ce, "To ina Tsirgau a ciki?"

"Ba ta ciki. Ruwa ba ya wuce abu bai ɗebi wani abu daga jikinsa ba. Abin da kake kira ɗanɗanon gida, dutsen da ke ƙarƙashin garinku ne ya narke a ciki."

Na rungume gorana na yi masa sallama.

Hanyar gida ta bi ta wata ƙofar dutse inda sanyi ke yanka kamar aska. Da tsakar rana, ina cikin tafiya, na ji ƙas a bayana. Na sauke goran na ga ya tsage tun daga wuya har gindi. Na faɗi a gwiwa ina laluben ƙasa, ban ga danshi ba. Na ɓare ɓawon, sai ga ruwan Inna ya zama dutse, fari, da siffar gindin goran. Kowane abu na sani in ya ji sanyi tsukewa yake yi, ruwa kaɗai ne ke kumbura in ya daskare. Kumburin ya fasa mini gora, daskarewar ta hana shi zubewa. Na riƙe shi a hannu biyu. Shekara shida ina ɗauke da shi, ran nan ne na fara ganinsa ido da ido, har da 'yan kumfa a cikinsa.

Ba ni da wani mazubi sai ƙwarya marar murfi da tulun nan mai gumi, wanda na rantse ba zan ƙara ba shi amana ba. Na roƙi ƙaiƙayi a wani ƙauye na binne ƙanƙarar a cikin kwando, don ƙaiƙayi yana hana zafi shiga, na yi ta sauri in kai inda ake noman gora. Tsakanina da wurin akwai Tafkin Gishiri, wanda ko kifi ba ya rayuwa a ciki. Na ari kwale-kwale na shiga. Ina tsakiya iska ta taso, jirgin ya karkata, kwando ya kife.

Na rufe ido, don na san dutse in ya faɗa ruwa sai ƙasa. Da na buɗe, ga ƙanƙarar can tana lilo a kan igiyar ruwa, kanta a waje. Kumburin nan da ya fasa mini gora shi ya sa ta fi ruwa rashin nauyi. Na yi ta tuƙi ina binta, tana ƙanƙancewa a idona. Da na cim mata ba ta fi ƙwan kaza ba, santsi ya hana ni kama ta da hannu, sai na kamfato ta da ƙwarya, da ruwan tafkin da komai. Kafin in kai gaɓa ta narke.

Na zauna a bakin tafkin da ƙwarya cike da ruwan da ko jaki ba zai sha ba. Na san abin da Malam ya faɗa, na san abin da wuta za ta yi. Amma ba ni da wata hanya. Na sami tukwane biyu a wurin masu dafa gishiri, na yanko kara, na hura wuta. Ruwa ya ɗigo, garau kamar idon jariri. Na dangwala da ɗan yatsa na sa a harshe.

Lami. Ba daɗi, ba ɗaci. Irin wanda ake samu a hannun ɗan aron fuska.

Na leƙa gindin tukunya. Ɗanɗanon gidanmu yana nan a cikin farin gishirin tafki, sun cakuɗe, kuma wannan kam babu rariyarsa. Ilmin da na fita nema na samu, shi ne kuma ya wanke shaidata. Na zuba abin da ya samu a sabon gora, ludayi ɗaya ne cif, na ci gaba da tafiya don ban san wata hanyar ba sai ta gida.

Na iso zangon baƙi da ke wajen Tsirgau da sassafe. Daga nan ina hango kan bishiyar tsamiyar gidanmu. Mata suna wucewa da tuluna, an ce mini yanzu tafiyar wuni ake yi kafin a samo ruwan sha, rabin garin ya tashi. Na yanke shawara zan kafa tukwanena a nan waje in riƙa tace musu ruwa a matsayin baƙo, in ce sunana wani abu, da dai in tsaya Inna ta tofar da ni a gaban mutane.

Ina zazzage jaka, tulun Gwaggo Hakama ya gangaro, tsumman ya warware. Farin garin nan yana nan a jikinsa. Na daɗe ina kallonsa. Sai maganar tsohuwar da ta Malam suka haɗu a kaina kamar kara da murfi. Ruwan da ya bi iska a Tunkuɗa ruwan rijiyarmu ne tsantsa, ba a taɓa gauraya shi da komai ba. Ya tafi, ya bar kayansa. Shekara shida da rabi ina ɗauke da dutsen Tsirgau a jaka ina kiransa wautata.

Na zare allurar Inna na kankare garin a hankali a kan ganye. Bai fi abin da zai zauna a kan farce ba. Ban san ko nawa ya kamata in zuba ba, kuma ba ni da rarar da zan gwada. Gaskiyar da ta fi wannan ciwo ita ce ko da na gwada, ban tabbata harshena yana tune da shi ba. Na zuba, na girgiza, na bar shi tun hantsi har la'asar. Sannan na tafi ƙofar gari.

Baba Cindo ya rankwafa, sanda biyu yake dogarawa. Ya ƙura mini ido ya ce, "Fuskar dai ta mai rariya ce. Ko an samo tawa?"

"Taka tana gaba, Baba."

"Bakin ma nasa ne. Amma ka san doka." Ya aika a kira Inna.

Aka riƙo ta. Idanunta sun yi fari, ba ta ganin komai sai inuwa. Al'ada ta hana ta yi mini magana kafin ta ɗanɗana, ta hana ni taɓa ta. Na tsiyaye goran kaf a ludayi, Baba Cindo ya miƙa mata. Ta shinshina. Ta kurɓe shi duka ta riƙe a baki. Ina kallon maƙogwaronta, ba ya motsi. Ta juya ruwan a kumatun dama, ta juya a na hagu, ta ɓata fuska. Na ga Baba Cindo ya gyara riƙon sandarsa.

Sai ta haɗiye.

Ta ce, "Akwai baƙon yumɓu a ciki. Wa ya ce ka zuba mini ruwa a tulun wasu?"

Na durƙusa na kama ƙafarta. Ta shafa kaina, ta shafa hular, ta ji allurar tana nan.

Ta ce, "Da saura?"

"Babu, Inna."

Ta kifa ludayin a tafin hannunta, ta lashe ɗigon da ya fito. Na ce, "Inna, yaya yake?"

"Au, ba ka sha ba?"

"Kin ce kada in sha."

Ta ce, "Duk maganar da na taɓa yi maka a duniya, sai wannan ka zaɓa ka ji." Ta jawo kaina jikinta. "Kamar ranar da aka kawo ni garin nan yake. Kakanka ya ja guga ya ba ni, ya ce in sha in daina kuka."

Yanzu tukwane sittin ne a bakin rijiyar Tsirgau, kowace da karanta, mutanen da suka tashi sun fara dawowa. Yaran da aka haifa bayan tafiyata suna cewa babu ruwan da ya kai namu daɗi. Tsofaffi sukan sha su yi godiya, ba sa cewa komai. Al'adar gora kuwa dole aka sake ta, yanzu kowane gida da irin saiwar da suke jiƙawa a ruwan matafiyinsu.

Inna ta yi damina biyu tana shan ruwan tukwanena, sannan Allah ya karɓi abarsa. Bayan sadakar arba'in ina gyara ɗakinta, na ɗauko tulun nan, na juya shi a hasken ƙofa. A ƙarƙashin leɓensa, inda allura ba ta kai ba, na ga ɗan farin gari ya rage. Zai yi kurɓi ɗaya. Ta tambaye ni ko da saura, na ce mata babu.

Yana nan a kan kantar ɗakina, naɗe a tsummansa. Wata safiyar nakan ɗebo ruwa a ludayi, in zare allura, in zauna. Sai in tuna in na sha, ya ƙare a duniya. In mayar da allurar bakin hula, in shanye ruwan haka nan lami, in fita wurin tukwane.

Iyakar abin da ƙafata ta taka ke nan, iyakar abin da bakina zai iya. Wanda ya saurara, Allah ya shayar da shi ruwan garinsu tun yana da ɗanɗanonsa.